HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: ZAMAN ZUMUNTA DOMIN MASU SON BARIN GIYA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa, ma'aikacin sa kai a sashenmu na lafiyar jama'a, ya yi wa fastoci, dattawa, zumuntar mata da matasa daga ikkilisiyoyin ƙauyukan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Bisa ga roƙonsa ba mu sa sunansa ba. Ana iya karanta shi a majami'a bayan sujada, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.



Iyayena fastoci da dattawa, iyayena mata, 'yan'uwana matasa, sannunku da zuwa. Na san waɗansunku sun baro aiki a gona, waɗansu kuma sun sha rana a kan babur kafin su iso. Allah ya ba da lada.

An ce in yi magana a kan giya. Ba zan tsaya ina faɗa muku giya ba ta da kyau ba, domin ba wanda bai sani ba a cikinmu. Mashayin ma ya fi kowa sani, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na kawo muku yau shi ne wannan: mutumin da giya ta kama, da wuya ya kuɓuta shi kaɗai. Yana bukatar wurin zama, kowane mako, tare da waɗanda suka san irin ciwonsa. Zan faɗi yadda ake neman irin wannan zama, da abin da ake yi a ciki, da yadda za mu kafa namu in babu shi kusa.

LABARINA

Ni da ke tsaye a gabanku na yi shekara goma sha huɗu ina sha. Da burkutu na fara, a wurin gayya da bukukuwa, kamar yadda na ga manya suna yi. Da na fara zuwa cin rani sai na koyi ta kwalba, daga baya na koma 'yar ƙarama ta leda, mai shiga aljihu ba wanda ya gani. Ina cikin masu waƙa a majami'a ran Lahadi, ran Alhamis kuwa in na je kasuwar Maigatari ba na dawowa gida da hankalina.

Wata shekara na kai ɗan bijimin da muka yi wata takwas muna kiwo. Matata ce ta sha wahalar yanko masa ciyawa da nemo masa harawa. Na sayar da shi da daraja, na kwana uku ban dawo ba. Abin da na shigo da shi gida bai kai kuɗin tunkiya ba. Ba ta ce mini kome ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kuka a hankali don kada yara su ji.

Dattawa suka kira ni, aka sa ni a ƙarƙashin horo. Ban ga laifinsu ba, har yau kuwa ban gani ba. Na yi kuka, na yi alkawari a gaban Allah da gabansu, na daina a ranar nan take. Washegari hannuna ya fara rawa. Dare na biyu ban runtsa ba. A rana ta uku na fara ganin abubuwa suna tafiya a jikin bango, sai na faɗi ina jijjiga. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu aka yi mini. Ƙanena ne ya ce a'a, a kai shi asibiti. Da ba don shi ba, da yau wani ne yake yi muku wannan jawabi.

Ranar da za a sallame ni, wani ma'aikacin jinya ya ce mini, "Malam, mun wanke maka jiki, amma ba mu da maganin ranar kasuwa. Ka nemi wani wanda ya taɓa sha ya bari, ka riƙe shi." Na dawo na nema. Na tambaya a Gumel, na tambaya a ƙauyuka, ban sami wani taro ba. Sai na tuna da wani tsoho a ƙauyen da ke kusa da namu, wanda a dā kowa ya san shi da kwana a bakin hanya, amma ya daɗe da bari. Na je na same shi yana gyaran danga. Kunya ta hana ni magana. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zauna. Na san abin da ya kawo ka." Muka zauna a gindin tsamiya har rana ta faɗi. Ya ce in dawo ran Laraba. Shekara tara ke nan ban sa giya a bakina ba, kuma ban fasa zaman Laraba ba sai da ciwo ko rasuwa.

ABIN DA GIYA TAKE CI

Bari mu yi lissafin gida. A ce mutum yana shan abin da ya kai kuɗin tiya ɗaya ta gero kowace rana. A shekara tiya 365 ke nan. Buhu yana cin tiya 40. Wato ya shanye buhu tara na gero da 'yan kai. Ku faɗa mini, gidaje nawa ne a cikinmu buhu tara ba zai fid da su daga bazara zuwa kaka ba? Shi ya sa za ka ga gida ya sami riɗi da zoɓo da wake, an yi ciniki mai kyau, amma kafin ruwa ya sauka rumbu ya zama wayam, an koro yara daga makaranta.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa a shekara ta 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ta kuma ce mutum miliyan 209 ne jikinsu ya saba da giya har ba sa iya zama ba ita. Wannan sabo ciwo ne da likitoci suka sani, yana da alamu, yana kuma da magani.

Ga tambayoyi huɗu da kowa zai yi wa kansa a zuci:

• Ka taɓa cewa za ka rage, ka kasa?
• Kana jin haushi in an yi maka maganar shanka?
• Ka taɓa farkawa da nadama a kan abin da ka yi ko ka faɗa cikin maye?
• Kana bukatar ka ɗan kurɓa da safe kafin jikinka ya tsaya?

Wanda ya amsa da i sau biyu ko fiye, maganar yau tasa ce.

DON ME MUTUM YAKE KASAWA SHI KAƊAI?

A yankinmu shan giya a ɓoye yake. Tun shekara ta 2000 da Jihar Jigawa ta fara aiki da shari'ar Musulunci, ba a yarda da sayar da giya a fili ba, Hisba kuma tana kamawa. Mu kuma Kirista kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu, ba ma so a ce ga halinsu nan. Saboda haka mashayi yana ɓoye wa hukuma, yana ɓoye wa maƙwabta, yana ɓoye wa fasto. Matarsa ma tana taya shi ɓoyewa don ta rufa wa gidanta asiri. Ciwon da aka rufe kuwa ruɓewa yake yi.

Mun yi masa wa'azi, mun yi masa faɗa, mun hana shi jibin Ubangiji. Duk waɗannan suna da wurinsu. Amma horo yana nuna wa mutum ya faɗi ne kawai, ba ya raka shi kasuwa. Ran da kuɗi suka shiga aljihunsa, abokan dā suka ɗaga masa hannu, a wannan sa'a ba fasto a kusa, ba dattijo. In ba shi da wani wanda zai kira ya ce, "Ga ni a bakin ƙofar wurin nan, zuciyata tana jana," to, zai shiga.

Akwai kuma maganar da mashayi ba zai iya faɗa wa wanda bai taɓa sha ba. Yaya zan gaya wa Baba Fasto na saci kuɗin adashin matata? Amma tsohon nan da na faɗa masa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ni akuyar uwata na sayar." Daga wannan rana na daina yi masa ƙarya.

INDA WANNAN HANYA TA FITO

Ba mu muka ƙago ta ba. A shekara ta 1877 wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiya a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan domin taimakon mashaya, wadda aka sani da Shuɗin Gicciye. Masu bi da ba su da matsalar sha sukan bar giya su ma, don su tsaya tare da masu fama.

A shekara ta 1935 kuma, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya je ciniki bai yi nasara ba. Yana tsaye a masaukinsa, ga mashaya a gefe, zuciyarsa tana jansa. Maimakon ya shiga, sai ya duba jerin sunayen majami'u da ke jikin bango, ya buga wa wani fasto waya ya ce yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Ta wannan hanya aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe masa aiki. Likitan ya ce minti goma sha biyar kawai zai ba shi. Suka shafe sa'o'i suna magana. Daga su biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA, ma'ana mashayan da ba sa bayyana sunansu. Suna lissafin kafuwarta daga ran 10 ga Yuni, 1935. A 1939 suka buga littafinsu mai ɗauke da matakai goma sha biyu, yau kuma suna da taro a ƙasashe da yawa na duniya. A 1951 matar Bill, Lois, ta taimaka aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya.

Iyayena fastoci, ku lura da abu ɗaya a labarin nan. Faston da aka kira bai yi wa mutumin wa'azi a waya ba. Ya haɗa shi da wanda ya dace ne. Wannan aiki ne da kowannenku zai iya.

Ko hanyar tana aiki? A shekara ta 2020 ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum 10,565. Sun ga cewa a cikin mutum 100 da ma'aikatan lafiya suka sa a kan hanyar wannan taro, wajen 42 sun cika shekara ba su sha ba, a sauran hanyoyin magani kuwa wajen 35. Kun ga ba kowa ne yake tsira a karo na fari ba. Amma hanya ce da aka gwada, ba ta kuma cin ko kwabo.

GARGAƊI: ASIBITI TUKUNA

Ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran. Wanda yake sha da yawa kowace rana, musamman mai rawar hannu da safe, kada ya daina farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya yakan tayar in an yanke masa ita. Cikin yini na fari akan ga rawar jiki, gumi, tashin zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyu ana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu waɗansu sukan ruɗe, su yi ta gane-gane, jiki ya yi zafi. Wannan yana kisa, amma asibiti suna da maganinsa.

Saboda haka a fara da zuwa wurin ma'aikacin lafiya, a faɗa masa gaskiyar yawan abin da ake sha. In an ga jijjiga ko ruɗewa, kada a ɗaure mutum, kada a tsaya turare. A yi addu'a a kan hanya, a nufi Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa.

YADDA AKE NEMAN TARO

1. Tambayi ma'aikatan lafiya. A asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, da na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai waɗanda aikinsu ke nan. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ka ce musu, "Akwai wurin da masu barin giya suke haɗuwa? Akwai wanda za ku haɗa ni da shi?"

2. In akwai ƙwaya a ciki, kamar tramol ko maganin tari mai sa maye, hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara. Ka nemi wannan sashe da sunansa.

3. Tambayi fastonka a keɓe. Fastoci suna haɗuwa da juna, sun san wanda ya bari a wata ikkilisiya.

4. Masu zuwa cin rani manyan birane irin su Legas da Abuja, ku yi tambayar taron AA a can. Akwai kuma waɗanda ake yi ta wayar hannu a intanet, yawancinsu da Turanci. Mai jin Turanci ya shiga ya ga yadda ake yi, ya kawo mana.

5. In duk ba ka samu ba, yi abin da na yi. Ba garin da ba shi da mutum ɗaya da ya taɓa sha ya bari. Je ka gaishe shi. A ƙa'idar AA ma, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su bar sha sun isa a kira su taro.

RANAR FARKO

Ranar farko ita ce mai wuya. Ni sau biyu ina kaiwa bakin ƙauyen tsohon nan ina juyawa. Ga abin da zai sauƙaƙa maka.

Ka nemi wani ya raka ka har bakin wurin. Ba sai ka yi magana ba, kana iya zama ka saurara kawai. Ba wanda zai tambaye ka me ka aikata. Ba a rubuta suna, ba a biyan kuɗi. Kada ka ce sai ka gyaru tukuna za ka je, ba a jiran warkewa kafin a je asibiti. Kada kuma ka yanke hukunci da zama ɗaya. Ka je sau shida a jere, sa'an nan ka duba ko akwai canji. Kafin ka tashi, ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya wanda ya riga ka bari, wanda ya yarda ka kira shi ko da tsakar dare ne.

Mu a namu zaman haka muke yi. Mukan buɗe da gajeriyar addu'a. Sai mai jagora na ranar ya tuna mana da dokoki. Sai kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce: inda ya ji jaraba, abin da ya yi, ko ya tsaya ko ya faɗi. Sai mu duba makon da ke zuwa: akwai biki? akwai kasuwa? wa zai karɓi kuɗi? wa zai raka shi? Mu rufe da addu'a. Sa'a ɗaya ta isa. Ba ma yin alkawarin har abada, domin duk mun sha yin irinsa mun karya. Na yau kawai muke ɗauka. Gobe in Allah ya kai mu, mu sake ɗauka.

IN ZA KU KAFA NAKU

Ku sa rana ɗaya da lokaci ɗaya, kada ku riƙa canzawa. Mu mun zaɓi Laraba da yamma domin Alhamis ce kasuwar Maigatari, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ku dubi ranar da ta fi kayar da mutanenku, ku sa zamanku kafin ta. Da damina ku matsar da shi bayan an taso daga gona.

Ku zaɓi wurin da shigarsa ba za ta tona wa mutum asiri ba: ajin makarantar Lahadi, ko zauren wani amintacce, ko inuwar itace a bayan gari. Yana da kyau fasto ya sanar da mai unguwa ko dagaci cewa akwai masu haɗuwa don su bar shaye-shaye, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ba shugaban da zai ƙi wannan.

Dokokinmu guda shida ne:

• Abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Ko matarka ba za ka gaya wa wanda ka gani ba.
• Mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya. Ba a katse shi, ba a yi masa dariya.
• Kowa ya faɗi nasa. Ba a yi wa wani wa'azi.
• Ba a zuwa da giya ko ƙwaya. Wanda ya zo a buge ba a kore shi, amma ya zauna shiru, a yi magana da shi washegari.
• Ba rance, ba siyasa, ba gardamar addini ko ta ɗarika.
• Ƙofa a buɗe take ga duk mai son bari.

A kan ta ƙarshen nan bari in ƙara magana. Giya ba ta tambayar addinin mutum. Wata rana maƙwabcinka Musulmi, wanda shi ma yake fama a ɓoye, zai iya raɗa maka cewa yana so ya zo. Ku karɓe shi da mutunci, ku rufa masa asiri kamar naku, kada ku mai da zaman tarko.

Mata masu sha su ma suna nan, kunyarsu kuwa ta fi ta maza nauyi. Su yi nasu zaman dabam, tare da mace mai riƙon asiri.

IN MUTUM YA SAKE FAƊUWA

Zai faru. A cikinmu akwai wanda ya yi wata bakwai, ya je bikin ƙanwarsa, ya dawo a kan amalanke. Ran Laraba bai zo ba. Muka tashi mu biyu muka same shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Ba mu yi masa faɗa ba. Muka ce, "Tabarmarka tana nan, mun zo tafiya da kai." Yanzu shekararsa huɗu. Wanda ya faɗi ya fi kowa bukatar zaman, shi ne kuma ya fi kowa jin kunyar zuwa. Kada ku jira shi. Zumunta a ƙafa take.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wanda muka rasa. Ya zo sau uku ya daina, mu kuma muka yi sanyin ƙafa wajen bin sa. Ciwon hanta ya ɗauke shi ya bar 'ya'ya biyar. Har yau in na wuce ƙofar gidansa sai in ji da ma mun koma sau ɗaya.

GA IYAYENA MATA

Ku kuka fi kowa shan wahalar wannan abu. Ku ji wannan da kyau: ba ke kika sa shi sha ba, ba kuma ke za ki iya hana shi da ƙarfinki ba. Zubar da kwalba da ɓoye takalmi ba sa warkar da kowa. Ki daina yi masa ƙarya a wurin mutane, ki daina biyan bashin mashaya. Ki yi masa magana da safe sa'ad da yake cikin hankalinsa. Ku ma ku haɗu ku uku ko huɗu, masu irin wannan nawaya, ku saurari juna. In kuwa yana dukanki ko yana dukan yara, wannan ba abin haƙuri a ɓoye ba ne. Ki fita da yaran zuwa inda za ku tsira, ki sanar da dattawa da danginki.

Akwai kuma iyayenmu da dafa burkutu ne abincinsu, da shi suke biyan kuɗin makaranta. In mun ce su bari, sai mu nuna musu abin da za su kama. Zumuntar mata tana iya sa su a adashi, a taimaka musu da jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko kunun zaƙi, ko 'yar akuya ta kiwo.

GA DATTAWAN IKKILISIYA

Abu uku muke roƙo. Ku ba mu wuri. Ku sanar daga bagade cewa akwai irin wannan zama, mai so ya ga fasto a keɓe. Sa'an nan kada ku tambaye mu wa ya zo, me ya ce. Ran da maganar zaman ta fito a taron dattawa, ran nan zaman ya mutu. In an sa mutum a horo saboda giya, kada a sallame shi hannu wofi. A ce masa, "Ga wanda za ka gani ran Laraba."

Kun san labarin da ke cikin Markus sura 2, na shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko a kan shimfiɗarsa. Da suka rasa hanya saboda taro, sai suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi a gaban Yesu. Ubangiji ne ya warkar da shi, amma da ƙafafun mutum huɗu ya iso. Ni an ɗauke ni. Ƙanena ya kama gefe ɗaya, ma'aikacin jinya ya kama ɗaya, tsohon nan ya kama ɗaya, matata da ba ta tafi ba ta kama na huɗun.

Tsohon ya rasu bara waccan. Mu bakwai muka ɗauki gawarsa, ba kuwa wanda ya san abin da ya haɗa mu sai mu.

In akwai wanda maganar nan ta taɓa, ba sai ka ɗaga hannu ba. Bayan an tashi zan zauna a bayan majami'a har kowa ya watse. Ka zo kamar za ka tambaye ni hanya.

Ubangiji ya taimake mu. 

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne ranaku ko lokatai ne suka fi jawo sha a ƙauyenmu? Me za mu iya shiryawa kafin su zo?
2. In wani ya faɗi yana jijjiga bayan ya daina sha, wa zai kai shi asibiti, da wane abin hawa?
3. Wane wuri ne a garinmu mutum zai iya shiga ba tare da an sa masa ido ba?
4. Ikkilisiyarmu ta iya riƙon asiri? In ba ta iya ba, me ya kamata mu gyara?
5. Wace sana'a za mu taimaka wa masu dafa burkutu su koma?